Barkonon da Aka Haska

Saura kaɗan kunya ta hana matar nan rubuta wannan labari nata.

Mijinta ne ya shigo da ledar garin barkono, ya karanta mata rubutun jiki: an bi da shi ta wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta dafe tsohon cikinta.

"Ni da ɗana ba ma cin abin da aka haska."

"Wallahi hasken ba ya zama a ciki."

"To ka ci kai kaɗai."

Ya yi fushi, ya daina cin girkinta. Ita kuwa ta naɗe ledar a tsumma, ta cilla saman kabad, ta nufi tsohon da take sayen barkono wurinsa tun tana budurwa.

"Baba, auno min naka na asali. Wai yanzu har barkono ake haskawa!"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "'Yata, ai a kamfanin nan nake saro nawa. Juye shi nake a kwano saboda irinki."

Washegari ta taka kujera ta sauko da ledar, ta zuba a miya, ta lallaɓa mijin ya ci. Da ya yaba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na Baba ne."