Baba a Zaren Majigi

Lokacin yaƙin Bama aka ɗauki mahaifina soja, muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ran nan da la'asar motar majigi ta iso Ƙaraye, aka yi shela za a nuna sojojinmu. Kakata Iya, wadda ta haife shi, ba ta jira dare ba. Ta ja hannuna har gindin tsamiya, inda mai majigin yake goge injinsa, ko'ina warin fetur.

Bayan sun gaisa ta ce, "Ɗan nan, an ce akwai sojoji a akwatinka. Ko da uban yarinyar nan a ciki? Dogo ne, yana ɗan karkata wuya."

Mutumin ya daɗe yana kallonta. Sai ya warware zaren hotunan, ya ɗaga shi saitin rana. "Iya, duba da kanki."

Mutane ne a jere, kowa bai fi ƙwayar gero ba. Iya ta ƙanƙance ido tana bin su ɗaya-ɗaya, can ta nuna wani da yatsa. "Ga shi nan! Wallahi tsayuwarsa ce."

"Har ma ya yi ƙiba, Iya," in ji mutumin.

Ranar Iya ta cinye tuwonta tas. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, ko sunansa ban sani ba.

Da Baba ya dawo, ya rantse ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Iya ta ce, "Kai ne ba ka lura ba. Ni dai na gan ka."