Hannun Gida

"Malam, tsakaninka da Allah, kai kake yi wa 'yarka aikin gida?"

Na baje masa littattafanta biyu a kan teburina. Rubutun aji kamar tonon kaza, na gida kuwa kamar bugun inji.

Uban ya yi murmushi. "Malama, ni makaniki ne, ko sunana ban iya rubutawa ba. Auta, rubuta mata ta gani."

Yarinyar ta ɗauki biro da hannun dama, tana satar kallon rular da nake horo da ita.

"A'a, da hannunki na gida," in ji shi.

Ta mayar da biron zuwa hannun hagu. Rubutu ya fito tsaf. Zango biyu ke nan ina dukan wannan hannu, ina sa ta a sahun daƙiƙai.

Don in kare kunya, na ɗauki rular. "Rubutu da hagu rashin tarbiyya ne. Mu ma da duka aka gyara mu."

Ta ɗago kai a hankali. "Malama, ai ke ma da hagu kike dukana."

Na dubi hannun da ke riƙe da rular.