Littafin da Inna Tabawa Ta Ɗinke

Tun da aka kafa dokar ƙone duk littafin da na'ura ta kasa karantawa, gidan adana littattafai yake kiran dangin marubuta su zo su gyara nasu.

Barira ta je saboda waƙoƙin marigayiya kakarta, Inna Tabawa, wadda ta haɗa littafin da hannunta, ta ɗinke bakin shafukan da baƙin zare.

Malam Tanimu, mai kula da wurin, ya miƙo mata almakashi. "Yanke zaren, 'yata, na'ura ta gani, mu mayar da shi wurinsa."

"Baba, ai ba a buɗe shi. Ɗaga shi ake yi a rana, sai rubutun ya fito ta bayan takarda."

"To, ita dai na'ura ta ce babu komai a ciki."

"In na yanke, ai ya tashi daga nata."

"In ba ki yanke ba kuwa, wuta."

Kan Barira ya ɗaure. Ta rungume littafin tana waige-waige. "Bari in nuna maka. Ina taga?"

Malam Tanimu ya daɗe yana kallon bango.

"An toshe tagogin duka, 'yata. Na'ura ba ta son rana."

Har yanzu bai janye almakashin ba.