Giɓin Auta

Likitan haƙori ya cire wayar ƙarshe, ya miƙo mata madubi.

"Duba ki gani, Malama. Haƙorin nan na can ƙurya ya matso ya zauna daram. Giɓin ya rufe."

Shekara biyu ana jan sa da waya, kaɗan-kaɗan, zuwa gurbin mataunin da aka cire mata lokacin tana da cikin autarta. Da yarinyar ta yi wayo ta ji labarin, sai ta ce giɓin nata ne. Kullum sai ta haye cinya ta ce, "Umma, buɗe in ga ɗakina," ta zura ɗan yatsa tana ƙyalƙyala dariya. Ranar da aka ɗaura wayar har kuka ta yi, wai za a ba wani ɗakinta.

"Haba auta, ai da sauran lokaci," in ji uwar.

Bayan wata bakwai zazzaɓin kwana uku ya ɗauke yarinyar. An ba da kayanta, yayyenta sun cike wurinta a gado. Giɓin kaɗai ya rage, shi ma kullum tsukewa yake. Sau biyu ta so ta ce likita ya dakata, ta rasa ta inda za ta fara.

"Wallahi ko ni," in ji likitan da fara'arsa, "ba zan ce an taɓa rasa wani abu a nan ba."

Ta kai harshe wurin, kamar kowace safiya. Babu ko ƙofa.

"Na gode, likita," ta ce, ta kife madubin a cinyarta.