Kwandunan Mai Masauki

Akan ɗauki kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a kasa ta kashi-kashi, kowane kashi ya riƙa aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Duk saƙon da ya shigo ta intanet zuwa ɗaya daga cikinsu, sai babbar manhajar da ke riƙe da injin ta nema masa gurbi a ma'adana, ta kwafe shi zuwa wurin mai shi, sannan ta share gurbin ta mayar. Idan saƙonni suka fara jan ƙafa, tunanin farko da ke zo wa mai kula da injin shi ne a ƙara faɗin layin intanet ɗin. Kafin ya ƙara, ya saurari wannan misali.

An yi wani mai masauki a bakin kasuwar goro, gidansa ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da falkensa. Shekarun baya, sankara, wato cutar nan da ke ɓata goro, ta taɓa bin kwando daga kayan wani baƙo ta shiga na wani, aka yi rigimar da ta kusa zubar masa da mutunci. Tun daga ranar ya kafa doka. Duk huhun goron da ya sauka, a kwance shi a zaure, a juye a kwandon gida, a kai ɗakin mai shi a sake juyewa. Kwandon kuma a wanke shi, a mayar sito a kulle. Makulli yana aljihunsa. Ɗan dakon da ke son kwando sai ya nemo maigida, ko yana alwala ko yana cin tuwo.

Zamanin da jakuna ke kawo kaya, ba wanda ya ji nauyin dokar. Da manyan motoci suka fara zuwa, sai huhu ya riƙa taruwa a bakin titi, goro kuwa ba ya shiri da rana. Maigida ya dubi cunkoson, ya ce ƙofa ce ta yi ƙanƙanta. Ya kira magina suka fasa katanga, suka yi ƙofar da mota za ta shiga da baya. Kaya suka daina jira a titi, suka koma jira a tsakar gida, ranar da ke dukansu a can ita ke dukansu a nan.

Babbar baƙuwarsa, wata hajiya da ta shekara ashirin tana sauka a gidan, ta same shi a zaure. Ta ce, "Maigida, ƙofa ta yi kyau, Allah ya sanya alheri. Amma ni ba ƙofa nake sayarwa ba. In kayana na ranar Laraba suka yini a rana, gidan ƙetaren titi zan koma. Ka kuma san in na tashi, ba ni kaɗai zan tashi ba."

Ya san haka. Washegari bai shiga kasuwa ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya zaɓi huhu ɗaya, ya bi shi da ido tun daga kan mota. Saukewa ba ta ɗauki komai ba. Amma da huhun ya taɓa ƙasa sai ya zauna. Ƙarti biyar suna tsaye hannu sake, ana jiran kwando. Kwandon yana wurin wanki, wanda ya bushe yana sito, siton kuma sai shi maigida ya tashi ya lalubo makulli. Tafiyar da goron ya yi daga zaure zuwa ɗaki ba ta kai taku talatin ba, amma sai da inuwa ta juya kafin ya isa.

Bai soke dokar ba, domin sankara ba ta bar duniya ba. Ya fito da kwandunan duka, ya raba wa kowane ɗaki shida, ya shafa wa bakinsu fenti, kowane ɗaki da launinsa. Kwando ya riƙa kai da kawowa tsakanin zaure da ɗakinsa kaɗai. Tunda ba ya taɓa goron wani, ba sai an wanke shi kowane sawu ba, ba kuma sai ya ga sito ba. Huhun da alamar mai shi ta fito sarai, a wuce da shi ɗaki a ɗaure. In baƙo ya yi tafiya, a tattara kwandunansa a wanke a kulle, kada su zauna a banza wani na nema. Bai ƙara ɗan dako ko ɗaya ba.

Ranar Laraba hajiya ta iso da azahar, ta riga ta yi magana da mutanen ƙetare. Ta tarar da tsakar gida a share, ta ɗauka motar ce ba ta zo ba.

"Ina kayana?"

"Suna ɗakinki, Hajiya, tun da hantsi."

Ta shiga, ta zura hannu cikin ganyen da aka lulluɓe goron da shi, ta ji goron da sanyinsa. Sannan ta leƙo ta ce a miƙo mata buta, za ta yi salla.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sanin wurin bugu shi ne ƙira.