Wurin Hutawa a Matakalar Mama

"Wa ya sake taɓa min zanen nan?"

Baba ya bugi tebur, idonsa a kan kwamfuta. A manhajar zanen gini, wurin hutawa na tsakiyar matakalar bene ya haura can sama.

"Ke, zo ki gani! Mamanki da ciwon gwiwa, ta yaya za ta hau duk wannan ba ta tsaya ta numfasa ba?"

"Yi haƙuri, Baba," in ji Auta. "Gyara mata."

Ciwon mantuwa ya raba shi da abubuwa da yawa, amma sana'arsa ba ta kuɓuce masa ba. Ya sauko da wurin hutawar ƙasa, ya faɗaɗa shi yadda kujera za ta zauna, ya yi murmushi.

Auta ta kau da kai. Mama ta rasu tun kafin a haƙa harsashin gidan. Ita Autar ce ke ɓata zanen kowace safiya, don kawai ta ji ya ce "mamanki".

Baba ya gama, ya waiwayo, ya daɗe yana kallonta.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"