Tarwaɗa a Baho, Karfasa a Tafki

Zauna ka ji wani misali. A wani gari na bakin fadama, sunansa ya kwanta mini yanzu, amma na taɓa yin damina a can, akwai wani manomin shinkafa da gonarsa take sama da tafkin kifin wansa. Ruwan da ya gama ratsa shinkafar ƙane, ta wata 'yar magudana yake gangarawa ya faɗa tafkin wa, inda dubban 'ya'yan karfasa suke girma. Sai wan ya faɗo daga kan babur ya karye, za a kai shi wurin maɗori a wani gari mai nisa. Ana ɗaga shi za a sa a mota ya riƙo hannun ƙanensa ya ce, “Ga tafkin nan amana. Ko kifi ɗaya kada ya yi ciwon kai.” Ƙanen ya ce, “Yaya, je ka warke, kamar kana nan.”

Ba a jima ba tsutsa ta faɗa wa shinkafar, daidai lokacin da ta fara ɗaukar ciki. Kullum ya zo sai ya tarar da ƙarin shinkafa ta yi fari ta bushe a gonar. Ya je kasuwa ya sayo maganin feshi, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa tsutsa kaɗai yake kashewa. Amma da ya buɗe kwalbar warin ya bugi hancinsa, sai ya dubi magudanar nan. In ya bari, abincin shekara ya tafi. In ya fesa, me zai gangara tafkin mutumin da ke kwance da kara ɗaure a ƙafa? Abinci ya daina shiga masa. Daga bisani ya yi tunani mai kyau, ya ce bari ya tambayi kifi da kansa. Ya jera bahuna a inuwar mangwaro ya cika su da ruwan fadama, wannan ya ɗiga masa maganin kaɗan, wancan ya ƙara, na ƙarshe ya bar shi haka don ya riƙa gwadawa da sauran. Ya ɗauki komar kamun kifi ya nufi tafkin, har ya sa ƙafa a ruwa, sai maganar wansa ta dawo masa. Ta yaya zai kwashi kifin amana da hannunsa ya jefa cikin abin da yake zaton guba ne? Ya fito, ya gangara ƙorama, ya kamo ƙananan tarwaɗa waɗanda ba na kowa ba. Matarsa da ta kawo masa fura ta leƙa ta ce, “Maigida, wannan mai taurin ran da ke kwana a laka ita ce shaidarka?” Ya ce, “Kifi ai kifi ne.” Kwana da kwanaki yana tsugune a kan bahunan, ko wutsiya aka kaɗa sai ya leƙa. Tarwaɗa kuwa ta yi ɗan lamo, ta riƙa tasowa tana haɗiyar iska, amma ko ɗaya ba ta mutu ba. Ya yi hamdala, ya goya tankin feshi ya feshe gonar. Washegari ya sako ruwa kamar yadda ya saba.

Da hantsi ya hango shirwa tana ta shawagi a kan tafkin. Ya jefar da fartanya ya ruga. Tun daga nesa ya ga fuskar ruwan ta yi fari fat, kamar an shanya tsabar azurfa, karfasa ce ta juyo ciki sama, wasu na ta buɗe baki a gefe. Ya faɗa magudanar yana toshe ta da laka da hannu biyu, alhali abin da zai wuce ya riga ya wuce. A inuwar mangwaro tarwaɗarsa tana ta iyo a baho lafiya lau. Ya ƙi taɓa 'yan kaɗan don tsoron amana, ga shi amanar duka tana yawo a kan ruwa, kuma an aiko cewa wan yana hanya, ya fara taka ƙafa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi, duka zai sha.